Gwaggo Mai Kicin da Kitsen Direbobi

Ɗan wanta ne ya fara kiranta Gwaggo a gaban direbobi, ranar da ya kawo ta neman aikin wanke-wanke a kicin ɗin kamfanin bas-bas na dogon zango, kuma tun daga ranar sunan ya bi ta. Shi bai rufa shekara biyu ba ya ajiye aikin ya koma tuƙin tirela. Ita kuwa ta zauna shekara ashirin da shida, ta tashi daga bakin famfo ta koma bakin murhu, har ta zama gwaggon kowa: direbobi, kwandastoci, makanikai, masu yankan tikiti, har da manajoji uku da suka zo suka tarar da ita, biyu daga cikinsu ma sun girme ta.

Kicin ɗin wani siririn ɗaki ne da aka matse tsakanin siton tayoyi da wurin wankin motoci. Murhun gas ne a ciki mai kai huɗu, na ƙarshen ba ya kamawa sai an ɗan buge shi da bayan ludayi. Akwai taga mai faɗi da ke kallon ɗakin cin abinci. Ta nan ake miƙa faranti, ta nan kuma Gwaggo ke jin duk abin da ke gudana a kamfanin ba tare da ta tambayi kowa ba. Gajeriya ce mai jiki, da tabon ƙuna a wuyan hannun hagu, da tabarau da take ratayewa da igiyar takalmi. Ba ta ɗanɗana miya. Sunkuyawa take yi ta shaƙi tururin, ta ce saura gishiri, kuma in an duba haka ɗin ne.

A shekarunta na farko ra'ayinta game da abinci ɗaya ne: mutumin da zai riƙe sitiyari awa tara ba a ba shi abincin marasa lafiya. Miyarta mai ne ke iyo a kai, kaurin ɗan yatsa. In mahauci ya kawo nama ya yanke kitsen, sai ta ce ya mayar mata da abinta. Burodin safe gaba da baya take shafe shi da man shanu, ƙwai kuma a kitsen da ya rage jiya take soya shi. Direbobi suna sonta kamar me. Akwai wani ƙato da ake kira Tanka, saboda cikinsa kan riga shi shiga ɗaki, wanda yakan ce ko korarsa aka yi daga aiki zai riƙa zuwa da tsakar rana a matsayin baƙo.

Mijinta ma direba ne a nan, Dogo, mai bas lamba goma sha huɗu. Siriri ne kamar falwaya, ba shi da yawan magana, yana cin abin da kowa ke ci, ya bi da taba. Wata safiyar Talata, yana da shekara hamsin da biyu, ya ɗauko fasinja cike da mota, ya yi tafiyar awa guda, sai ya kunna sigina ya gangara gefen titi. Ya ja birkin hannu, ya buɗe ƙofa, ya ce wa kwandastansa ƙirjinsa ya riƙe, a sauke mutane a hankali. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Likita ya ce mata kitse ne ya toshe hanyoyin jinin zuciyarsa. Gwaggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Likita, ko dai wani ka duba? Mutumin da ake ƙirga haƙarƙarinsa ta cikin riga, a ina ya ajiye kitse?"

Ya yi mata bayani, amma a ranar kunnenta bai ɗauki komai ba.

Da ta dawo aiki ta tarar an yi sauyi. Mutuwar Dogo ta girgiza masu kamfanin, don kowa ya san da bai gangara gefe ba da labarin ya sha bamban. An gyara wani ɗaki kusa da ofishin tikiti, an sa gado da sikeli da ƙaramin firiji, an ɗauko ma'aikaciyar jinya da kowa ke kira Sista, doguwa, mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana. An ɗebi jinin direbobi arba'in da biyu. Fiye da rabinsu sakamakon bai yi kyau ba.

Gwaggo ta yi kwana uku tana wuce ƙofar ɗakin nan. A na huɗu, bayan an gama abincin rana, ta goge hannu a zani ta shiga ta rufe ƙofa.

"Sista, tambaya ɗaya na zo da ita, kuma kada ki lallashe ni. Ni na kashe shi?"

Sista ta ajiye biro. Ta jawo mata kujera.

"Ba ke kika kashe shi ba, Gwaggo. Amma tunda kin ce kada in lallashe ki, tukunyarki tana cikin abubuwan da suka taru a kansa. Akwai taba, akwai zaman awa tara a kujera, akwai gado, tunda an ce mahaifinsa ma haka ya tafi. Abinci na ciki."

Ta buɗe firiji ta ɗauko wata 'yar kwalbar gwaji. Jini ya kwanta a ƙasa, ruwan saman kuwa ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara. Ta ce ba za ta faɗi na wane ne ba, amma na wani ne da ke cin abinci a tagar Gwaggo kullum. Ta ce kitsen da ake gani a tumbi daban, maiƙon da ke yawo a cikin jini daban, kuma akwai wani nau'insa da likitoci ke kira kolestarol, wanda ma ido ba ya gani. Akwai mai kyau, akwai mugu. Mugun shi ne ke liƙewa a bangon jijiya shekara da shekaru har hanya ta tsuke. Siriri na iya tara shi, mai jiki na iya tsira. Hanta ce ke yin mafi yawansa, amma kitsen dabba da man shanu suna zuga ta ta bar shi ya yi yawa.

Gwaggo ta daɗe tana kallon kwalbar. Sannan ta ce, "To in na cire musu nama me zan ba su? Waɗannan ba awaki ba ne da zan tara musu ganye."

"Ba cirewa za ki yi ba, ragewa za ki yi. Akwai kifi, akwai wake. Akwai waken suya, wanda furotin ɗinsa, abin nan da ke gina tsoka, ya kusa kamo na nama, kuma ba ya ɗauke da irin wancan kitsen. In mutum na cinsa da ɗan yawa kullum, shi kansa yana rage mugun kolestarol, amma kaɗan, kamar kashi uku zuwa biyar cikin ɗari. Babban aikinsa shi ne wurin da yake tarewa a faranti. Inda ya zauna, kitsen nama bai zauna ba."

"Tumbin fa? Irin na Tanka?"

Sista ta yi murmushi. "Tumbi ba ruwansa da sunan abinci, yawansa yake ji. Waken yana riƙe ciki, ƙila mutum ya rage ciye-ciye. Amma duk wanda ya ce miki yana narkar da teɓa, ƙarya yake yi."

A ranar Gwaggo ta biya kasuwa ta sayi waken suya, ta kai gida, ba ta san ma ta inda za ta fara ba. Sati bakwai ta yi tana fama da shi, autarta, wadda ke karatun koyarwa a lokacin, ita ce mai ɗanɗanawa. Madarar farko da ta tace daga waken gafi ne ya cika ta, Auta ta kurɓa ta ruga bakin famfo. Ta biyu ta kama a gindin tukunya, gidan ya kwana biyu yana warin ƙauri. Mai injin niƙa na kan layinsu ne ya ce mata ta jiƙa shi tun daga yamma zuwa safe, ta murje ɓawon tas kafin ta kawo masa. Ta gano da kanta cewa sai madarar ta tafasa sosai, ana juyawa ba tsayawa, gafin ke tafiya. Ta koyi tsinka ta da ruwan lemon tsami, ta juye a farin ƙyalle, ta matse. Amma kullum abin sai ya farfashe mata a miya, don ba ta da abin dannewa mai nauyi.

Ta je wurin shugaban makanikai, wani dattijo mai furfura da ake kira Injiniya, ta ce ya ba ta ƙarfe mai faɗi mai nauyi. Ya ba ta tsohon faifan birki, bai tambaye ta me za ta yi da shi ba. Ta wanke shi da sabulu sau biyar, ta naɗe a leda, ta ɗora a kan ƙunshin. Da ta kwance, ga abu ya haɗe ya yi tauri, wuƙa na yanka shi gutsi-gutsi kamar cuku. Auta ta ci, ta ƙara, ta ce, "Umma, yau kam ba sai kin tsaya a kaina ba."

A nan ne Gwaggo ta yi kuskuren da har ta bar aiki ba ta daina ambatonsa ba. Ta san mutanenta. Ta san in ta ce musu wake ne, ko ƙanshinsa ba za su tsaya ji ba. Sai ta soya gutsattsarin har suka yi ja, ta rage nama da rabi, ta zuba su cikin miya ta yi shiru. Ko Sista ba ta gaya wa ba. Sati biyu ana ci ana suɗe faranti. Tanka har leƙowa ya yi ta taga ya ce wannan sabon mahaucin a riƙe shi da kyau, namansa ko haƙori ba ya so.

Injiniya ba ya cin abincin kamfani, daga gida yake zuwa da nasa a kula. Ranar wata Alhamis matarsa ta yi tafiya, sai ya zo taga ya karɓi shinkafa da miya. Bai kai rabin faranti ba ya ajiye cokali ya fara sosa wuya. Leɓɓansa suka kumbura, fuskarsa ta yi rudu-rudu, numfashinsa ya fara fita da ƙara. Aka kwashe shi zuwa ɗakin Sista, ta yi masa allura a cinya, aka sa shi a mota sai asibiti. Kafin motar ta tashi Sista ta juyo ta tambayi taron me ya ci.

Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ludayi a hannu. Babu wanda ya kalle ta, babu wanda ya yi zarginta. Da ta yi shiru, da an ce kifi ne ko wani magani. Amma ta tako har tsakiyar fili.

"Waken suya ne. Yana cikin miyar. Ni na sa, yau sati biyu, ban gaya wa kowa ba."

Sista ta dube ta sau ɗaya, ta ce wa direban motar ya faɗa wa likita haka, ta shige. Ɗakin cin abinci ya kaure da hayaniya. Tanka ya ture farantinsa.

"Wato sati biyu muna cin wake muna yi wa saniya godiya? Gwaggo, mu za ki mayar yara?"

Manaja ya dakatar da ita na mako guda. Ba ta yi musu ba. Washegari ta tafi asibiti, ta tarar Injiniya a zaune a gado, fuskar ta saɓe, yana shan shayi. Ta durƙusa a gefen gadon duk da ciwon gwiwarta.

"Yaya, na cuce ka. Ka yafe mini."

"Tashi, tashi, kada ki tara mana jama'a." Ya ajiye kofin. "Tun ina saurayi na san jikina ba ya karɓar waken nan. Da kin tambaya da na faɗa miki. Kuma da ƙarfena kika yi, ko?"

Ta gyaɗa kai, hawaye na zuba.

"To ai ni ma da hannuna a ciki. Na san don Dogo kike yi, kowa ya sani. Amma cikin mutum nasa ne, Gwaggo, ba a shiga sai da sallama. Akwai allo a shagona da ba ma amfani da shi. Ki ɗauka ki riƙa rubuta abin da ke cikin tukunya."

Da ta dawo, tukunya biyu ta ɗora. Allon yana rataye a saman taga, Auta ta rubuta mata da alli da manyan baƙaƙe: wannan nama, wannan waken suya da nama kaɗan. Ta kuma bi ma'aikata ɗaya bayan ɗaya tana tambayar abin da jikin kowa ba ya so, ta haddace. Ranar farko mutum uku ne suka ci daga tukunyar wake: Sista, da wani mai gadi da ba ya ƙin komai, da ita kanta. Direbobi da dama ma suka ƙaurace wa tagar gaba ɗaya, suka koma tsallaken titi wurin mai soya nama, don su nuna mata fushinsu. Ba ta roƙi kowa ba. Abin da ya rage takan juye a kula ta kai gida, ita da Auta su ci har ya gundure su.

Sista ma ba ta raga mata ba. Ta shigo kicin wata rana ta ga gutsattsarin suna iyo a kaskon mai, ta ce, "Gwaggo, kin kori kitse ta ƙofa kin shigo da shi ta taga. Abin nan kamar soso yake, duk man da kika ba shi sai ya shanye." Gwaggo ta ji haushi, ta yi kwana biyu ba ta gaishe ta da kyau ba, sannan ta sa makanikai suka gyara mata tsohon tandun gas da aka mayar ma'ajiyar tukwane. Ta koma gasawa, da ɗan mai da take shafawa a tire. Ta fara jiƙa gutsattsarin a citta da tafarnuwa da albasa da barkono tun safe. Wata rana kuma firiza ta daskarar mata da ƙunshi guda har ya zama dutse. Ta so ta zubar, sai ta ga asara ce, ta narkar da shi ta matse ta dafa. Abin mamaki, ya fito da danƙo, ana taunawa kamar tsoka, ga shi ya tsotse miya har ciki. Daga ranar da gangan take daskarar da shi.

A hankali aka fara dawowa. Mai soya nama na tsallake ba shi da kujera, ba shi da fanka, ba ya kuma sanin wanda matarsa ta haihu. A tagar Gwaggo wani ya ce a ɗan sa masa gutsure biyu ya ji, wani ya ce a haɗa masa rabi da rabi. Suka raɗa wa abin suna saniyar gona.

Tanka ne ya fi kowa daɗewa. Wata biyar bai taɓa tukunyar ba. Sai gwaji na biyu ya zo, nasa ya fi na farko muni, ga hawan jini ya ƙaru a kai. Manaja ya ce in bai gyaru ba cikin wata shida za a sauke shi daga dogon zango a mayar da shi jera motoci a cikin fili. Ga mutumin da ya yi shekara ashirin a kan hanya, wannan daidai yake da a ɗaure shi. Da la'asar, ɗakin ba kowa, ya shigo ya zauna a teburin da ke kusa da taga, ya cire hula ya ajiye.

"Gwaggo, akwai sauran abin nan naki?"

Ba ta yi masa gori ba. Ta zuba masa, ta fito ta zauna a gabansa, abin da ba ta saba yi ba.

"Ka ji, Tanka. Wannan abinci ne, ba laya ba. Likita ya rubuta maka ƙwaya, za ka sha. Sista ta ce ka zagaya filin nan sau goma kafin ka hau mota, za ka zagaya. Ni kuma nawa shi ne faranti. Shinkafar ma zan rage."

"Har shinkafar?"

"Har ita."

Ya yi. Kowace safiya ana ganinsa yana zagaye bas-bas yana haki, kwandastoci na ƙirga masa da ƙarfi, suna tsallake lamba don tsokana. Bayan karin kumallo yakan miƙo hannu ta taga, Gwaggo ta ba shi ruwa a wani koren kofi, ya haɗiye ƙwayarsa. Da wata shida ta cika, mugun kolestarol ɗinsa ya sauka sosai, jinin ma ya daidaita. Sikeli kuwa kilo huɗu kawai ya nuna ya ragu. Tumbin na nan, sai dai bel ya matsa huda ɗaya. Aka bar masa motarsa.

Murna ta sa Tanka ya zama mai wa'azin waken suya. A tasha, a gidan mai, a wurin duba tayoyi, duk inda ya tsaya sai ya ba da labarin yadda wake ya wanke masa jini. Manaja ma abin ya burge shi, ya sa aka rubuta a saman allon Gwaggo: abincin da ke narkar da kitse. Ta zo da safe, ta sa tabarau, ta sa wani ya karanta mata don ta tabbatar, ta ɗauko jiƙaƙƙen tsumma ta goge. Da Manaja ya tambaya, ta ce, "Ranka ya daɗe, na taɓa yi musu ƙarya sau ɗaya a kicin ɗin nan, ka ga inda ta kai mu."

Ita ce kuma ta lura koren kofin ya kwana huɗu a kan kantar kicin ba a taɓa shi ba. Rana ta biyar Tanka ya miƙo faranti, ta riƙe ludayi ba ta zuba ba.

"Ina ƙwayarka?"

Ya sosa ƙeya. "Ai na warke, Gwaggo. Tunda ga abincinki, me zan yi da maganin bature? Ya fi wata ma ina sha ina bari, yanzu na ajiye gaba ɗaya."

Ta kashe murhu. Ta fito ta kama hannun rigarsa, ita da ko kafaɗarsa ba ta kai ba, ta ja shi a gaban kowa har ɗakin Sista. Aka ɗebi jini. Bayan kwana biyu sakamako ya dawo, lambar ta haura kusan inda ta fito. Sista ta ajiye takardun gwajinsa uku na ƙarshe a jere a gabansa, ta nuna masa da biro: wannan babbar saukar aikin ƙwaya ce, wannan ɗan ƙaramin da ya rage bai koma ba, shi ne na faranti da tafiya. Duka biyun ana so, amma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Gwaggo ta ce wa Tanka, "Ni mai dafa abinci ce. In ka mutu da sunan wakena, me zan ce wa matarka?"

Bai sake bari ba. Ya yi tuƙi shekara tara bayan nan, ya ajiye aiki da ƙafarsa.

Ba kowa abin ya yi wa rana ba, kuma Gwaggo ba ta taɓa ɓoye wannan ba. Akwai direbobin da har ta tafi ba su ɗanɗana tukunyar ba, wasunsu kuma garau suke har yau. Akwai wani mai natsuwa da ya fi kowa bin doka, yana ci yana tafiya yana shan magani, duk da haka shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ranar da aka kawo labarin ta shiga siton tayoyi ta yi kukanta, ta fito ta ɗora shinkafa. Amma a takardun Sista, shekara bayan shekara, lambobin yawancinsu sun ɗan yi ƙasa sun zauna a nan. Matan direbobi suka fara zuwa ranar Asabar, su tsaya a bakin kicin da 'yan robobinsu, tana nuna musu yadda ake murje ɓawo da yadda ake gane madara ta nuna. Ba ta taɓa ce wa ɗaya daga cikinsu ta daina dafa nama ba. Takan ce, "Ki raba wurin biyu kawai, kuma ki faɗa masa abin da ke ciki."

Nata jinin ma an auna. Duk da ta fi kowa cin waken a kamfanin, kolestarol ɗinta ya ƙi sauka yadda ake so. Sista ta ce irin na gado ne, sai da ƙwaya. Gwaggo ta yi dariya har tabarau ya faɗo mata a ƙirji, ta ce wato ita da ta kawo saniyar gona ita ce saniyar ta ƙi sani. Ta karɓi maganin, ta riƙa shan nata a gaban direbobi, a bakin taga, don kowa ya gani.

Gwiwa ce ta raba ta da aikin. Tsayuwar shekara ashirin da shida a kan siminti ta cinye gwiwoyinta, har ta kai sai ta dafa kantar kicin take juyawa. Ta koma gidan Auta, wadda yanzu malamar makaranta ce mai 'ya'ya uku, aka ba ta ɗakin ƙasa don kada ta hau bene. Likitan ƙashi ya ce mata gaskiya: in tana son gwiwoyin su ƙara kai ta wasu shekaru, sai ta sauke musu kaya, kilo goma aƙalla.

"Likita, ni fa shekara goma sha biyar ina cin waken suya."

"Da me kike cinsa?"

Ta ce, "Da shinkafa. Da burodi. Da shayi mai sukari uku."

Yanzu kowace safiya, bayan yara sun tafi makaranta, takan ɗauki sanda ta fita. Daga ƙofar gida zuwa shagon mai gyaran takalmi, ta huta a bencinsa, su taɓa hira, ta wuce zuwa kantin magani, ta hau sikelinsu in ranar Litinin ce, ta juyo. Sukari ya koma cokali ɗaya, kuma ba ta daina ƙorafi a kai ba. Cikin shekara guda ta sauke kilo uku. Da ta koma asibiti likitan ya duba kati ya ce saura bakwai, ta ce ta ji, ai ba a rana ɗaya ta tara su ba. Ya rubuta mata ta dawo bayan wata shida, ta ninke takardar ta sa a jaka, ta tambaye shi ko shi an taɓa auna masa jini, don ta ga wuyan rigarsa ya fara matse shi.